Jikar Alƙali

Kwana ashirin da uku rabon Alamin da ƙofar gidanmu, sai ranar Alhamis bayan la'asar na ji hon ɗin motarsa. Biyu gajeru, ɗaya dogo, yadda ya saba. Wai har yanzu yana da fuskar yi mini wannan hon ɗin.

Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa. Gwaggo Mero, ƙanwar Baba da ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata, tana zuba ƙullun kisar, wainar nan tamu mai faɗi marar kauri, a kasko. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ga jarumin naki ya tuna hanya."

"Ba inda za ni, Gwaggo."

"Za ki. Ƙafarki ma ta riga ki, ga ta can tana laluben takalmi." Ta ja tsaki. "Je ki ji da wace ya zo. Amma Lailatu, in ya fara kuka kada ki kalli idonsa, ki kalli hannunsa. In makullin mota na hannun, to kukan na sallama ne."

Aure uku Gwaggo ta yi, ta binne ɗaya, ta kori ɗaya, ɗaya ya kore ta. Ba ta yarda da kowa ba, har mai sayar mata da gawayi. Da can haushinta nake ji. Yanzu kuwa na gane ita kaɗai ce mai ido a gidan nan.

Shekara biyu muna tare da Alamin. A kabin ɗin tarho, shagon buga waya da nake aiki a unguwar Kilemat a nan Injamena, muka haɗu, yana zuwa kiran Kano kan maganar atamfa. Tun yana kira sau ɗaya a mako har ya koma kullum, ya ɗaga kan tarho bai danna lamba ba yana kallona ta gilashi. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Na so shi irin son da ke mayar da mai hankali shashasha.

Matsalar uwarsa ce, Hajiya Kubura. Shekara goma da zuwansu Injamena daga Kano, mijinta ya rasu ya bar mata shaguna, ita ke riƙe da komai har numfashin ɗanta. Mu da aka haifa a nan ba ta ɗauke mu Hausawa ba. Ranar da na je gaishe ta na ce mata "afe", sai ta dubi ƙawarta ta ce, "Kin ji Hausar da ta jiƙa da Larabci." 'Yar wanta Ummukulthum take so ya aura, kowa ya sani. Amma ba ta taɓa cewa a'a ba, ta fi ƙarfin haka. Cewa ta yi, "Mu a gidanmu ba ma aure sai da bincike. A faɗa mana tushensu a ƙasar Hausa, mu aika a gano."

Da ta san inda ta taɓa! Duk unguwarmu Kabalai ba wanda bai san asalinmu ba, don Baba ba ya bari a manta. Shi ne Malam Halliru ɗan Malam Waliyyullahi, ɗan alƙalin Marken Dabo ta ƙasar Haɗeja; Waliyyullahin ne ya taso da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari ya zauna. A ɗaurin aure Baba zai faɗa, a suna zai faɗa, a jana'iza ma sai ya sami kafar da zai cusa. Da wannan alƙalin ya kori Yunusu, wani bawan Allah daga unguwar Waliya da ya fara nemana, don kawai ubansa masunci ne. Ya ce jinin alƙali ba ya haɗuwa da ƙarnin kifi.

Saboda haka da wakilan Hajiya suka zo da maganar bincike, a ƙofar masallaci, gaban jama'a, Baba ya gyara rawani ya ce, "Ku je! Ku tambayi gidan alƙali. Ko jariri zai nuna muku."

Aka tura Gado, tsohon dillalin Hajiya. Kwana goma ya yi ya dawo.

Bai kai saƙon gidan Hajiya a asirce ba, yadda masu mutunci ke yi. A ƙofar masallacin nan dai ya juye shi, bayan sallar azahar. Ya ce ya je Marken Dabo, ya ga gidan alƙali, ya zauna da tsofaffi. Alƙali bai taɓa haihuwar wani Waliyyullahi ba. Amma sun tuna wani bawan gidan da ya bi hanyar gabas bai dawo ba.

Tun daga ranar Baba bai sake taka ƙofar gida ba. A ɗaki yake salla.

*

Abin da na gani a kwanakin nan ashirin da uku ya ishe ni karatu har in mutu.

Mata suka yi ta zuwa jaje kamar an yi rasuwa. Su zauna, su sha shayinmu, su ce "Allah ya isar muku", idonsu yana yawo a fuskata yana neman inda hawaye ya bi. Wadda rabonta da gidanmu tun bikin 'yarta, sai ga ta da lulluɓi har ƙasa. Huseina, ƙawata tun muna lise, wato sakandare, wadda muke cin abinci kwano ɗaya, ta dafa kafaɗata ta ce, "Ni wallahi ban ɗauke shi komai ba, ai bawa ma mutum ne." Ta faɗa da murya mai taushi, tana jin daɗin kanta.

Da suka watse Gwaggo ta ce, "Kin ga waɗannan? Ba kukanki suka zo tayawa ba. Sun zo ne su ga ko ya yi miki kyau. Shekara talatin ubanki yana taka su da alƙali, yau sun sami ranarsu. Kuma duk cikinsu ba wadda za ta yarda a aika garin kakanta."

Na yi kuka har idona ya ƙanƙance. Ba don bauta ba, Allah ya sani. Mutumin da ya mutu kafin a haife ni, ko bawa ne ko sarki, me ya ƙara mini, me ya rage? Kukan da nake yi na jira ne. Kullum in tarho ya yi ƙara a kabin sai gabana ya faɗi. Kullum ba shi ba ne.

Yau ga shi.

Na same shi a zaure, tsaye, ya rame ko ya yi kamar ya rame. Shadda fara, turare har waje. Na gaishe shi ban zauna ba.

"Laila," ya ce. "Laila, ki dube ni."

"Ina jin ka."

"Wallahi ban yi barci ba tun ranar. Abinci ba ya wuce mini nan." Ya nuna maƙogwaro. "Kin san ke ce rayuwata."

"Rayuwar taka ta yi kwana ashirin da uku a Kabalai, tafiyar minti biyar daga shagonka."

Sai hawaye. Shar, kamar an buɗe famfo. Na tuna maganar Gwaggo, na kalli hannunsa. Makullin na nan a tafinsa, ya damƙe shi kamar za a ƙwace.

"Hajiya ta rantse," ya ce. "Ta ce in na aure ki za ta ɗaga mini nono. Ta ce in bar mata shago, in bar mata gida. Laila, uwa ce. Ya kike so in yi?"

"Ban ce ka yi komai ba. Kai ka ce ko duniya za ta taru ba za ka bar ni ba. Duniyar ba ta taru ba, Alamin. Tsoho ɗaya ne ya yi magana."

"An sa rana," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Da Ummukulthum. Bayan sallar layya."

Na ɗauka na shirya wa wannan maganar. Ashe ban shirya ba. Sai da na dafa bango. Hawayen da na rantse ba zai gani ba suka zubo, na ji na tsani kaina.

"To Allah ya sanya alheri. Abin da ka zo faɗa ke nan? Kalas, magana ta ƙare, na ji."

"A'a, tsaya! Na samo mana mafita." Ya matso, har fuskarsa ta washe kamar wanda ya zo da albishir. "Auren Ummukulthum na Hajiya ne. Ke ce tawa. Mu ɗaura a Kusuri, can tsallaken Kamaru, shaidu biyu, ba wanda zai ji. Gada kawai za ki tsallaka. Kullum ina zuwa sarin kaya, ba wanda zai zarge ni. Bayan shekara biyu ko uku, in kin haihu, Hajiya ta huce..."

"Ka ɓoye ni."

"Ba ɓoyo ba ne, lallaɓawa ce."

"Kamar sukarin da ake ɓoye wa 'yan duwan, masu kwastan, a ƙarƙashin kujera."

"Haba Laila! Gida ne fa mai kyau, na kama shi tun watan jiya. Ɗaki biyu da rijiya, ga inuwa, ba hayaniya. Shi kansa Gado da ya yi kwana goman nan a ciki cewa ya yi bai taɓa..."

Ya tsaya.

Ni ma na tsaya. Har kukan ya tsaya.

*

"Gado ya yi kwana goma a ina?"

"Ba haka nake nufi ba."

"A ina, Alamin?"

Ya kalli ƙofa, ya kalli ƙasa, ya juya makulli a hannu. Namiji mai gemu, ya yi tsuru-tsuru kamar an kama shi da hannu a tukunya.

"Gado bai je Haɗeja ba," na ce. "Sahi? Gaskiya ne?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ko Maiduguri bai kai ba. Ya tsallaka gadar Ngeli ya kwanta a inuwa kwana goma, ya dawo ya kashe ubana da ransa."

"Hajiya ce ta tsara. Ni ban sa baki ba."

"Wa ya kai shi Kusurin?"

"Ta ce in sauke shi. Ban san abin da zai faɗa ba, wallahi, na ɗauka zai ce bai sami kowa ba ne. Daga baya na ji."

"Daga baya ka ji, ka yi shiru. Kana ganin dattijo ya kasa fita masallaci, ka yi shiru. Kana sane ƙarya ce, ka bari aka sa maka rana da wata. Sannan ka zo da turarenka ka ce in koma ɗakin da aka dafa ƙaryar in zauna ina jiran ka."

"Ina son ki, Laila."

"Na yarda. Abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Da ƙi na kake yi da na gane maka."

Ya durƙusa. A kan shaddar nan fara, a ƙasar zaurenmu.

"Ki yafe mini. Faɗi abin da zan yi."

"Abu ɗaya. Ga ɗakin Baba can, taku goma. Ka shiga ka faɗa masa abin da ka faɗa mini. Gobe Juma'a ka maimaita a ƙofar masallaci. In ka yi haka, ko a bukka ce zan zauna da kai, ko ba ka da shago, ko ba ka da takalmi."

Ya miƙe. Allah shaida, ya miƙe ya nufi ƙofar cikin gida, na ce ashe na zalunce shi. Taku ɗaya, biyu, uku. Ya kai hannu zai ɗaga labule.

Sai Baba ya yi tari daga ɗaki. Tari kawai, irin na tsofaffi.

Hannun ya sauko.

"Bari in fara shawo kan Hajiya," ya ce, bai juyo ba. "Abin yana son dabara. Zan dawo."

Har ya manta bai yi sallama ba. Na ji motar ta tashi da sauri kamar ana bin ta.

Ban yi kuka ba. Wani irin sanyi na ji, da wani irin ƙarfi. Alamin ya tafi, ya tafi ɗin, Ummukulthum ta je ta ji da kayanta. Amma ina da abin da ya fi shi a hannuna. Zan wanke ubana. Za mu je gaban liman, a kira Gado ya dafa Alƙur'ani, a aika mutumin kirki Marken Dabo ya dawo da gaskiya. Hajiya Kubura za ta san ta taɓa gidan da ba a taɓawa. In an gama, ko Alamin ya dawo da rarrafe, ni ce zan ce ina so ko ba na so.

Na wuce Gwaggo a tsakar gida kamar iska.

"Ke, lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Yau Allah ya kama su."

"Hm," ta ce, ta juya kisar ɗinta.

*

Baba na zaune kan buzu, carbi a hannu, ba rawani. Kansa ya yi fari fat, wuyansa ya zama siriri. Tausayinsa ya kama ni. Na durƙusa na zayyana masa komai, tun daga gidan Kusuri har tarin da ya kori Alamin.

Carbin ya tsaya.

"Bai je ba?"

"Bai je ba, Baba."

"Kin tabbata? Ko Haɗejar bai taka ba?"

"Ko iyakar Nijeriya bai gani ba."

Sai Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin dawowar Gado. Ya yi ta yi har da riƙe ciki, yana "Alhamdu lillahi, ashe bai je ba, ashe bai je ba!" Ni ma na kama dariya ina share hawaye.

"Baba, tashi mu je wurin liman tun kafin magariba. A tura wani na gaskiya. Ni zan raka shi ma in an yarda."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo.

"Zauna, Lailatu."

"Baba, in muka bari ya kwana..."

"Na ce ki zauna. Saki labulen nan."

Na saki labule na zauna.

"Ba za a tura kowa ba."

"Don me?"

"Don in an tura, abin da Gado ya faɗa shi za a dawo da shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Gado bai je ba, amma ya san hanyar nan," Baba ya ce, murya can ƙasa. "Ya san su wa suka biyo ta a wancan zamanin. Ya yi jifa a duhu ne ya samu. Sunan kakanki Nasamu. Shi ke wanke dokin alƙali. Ɗan alƙalin ne ya taso Makka, aka haɗa shi da Nasamu ya riƙe masa kaya. Ciwo ya kashe ɗan alƙali a Dikwa. Kakanki ya binne shi, ya ɗauki rawaninsa da littattafansa, ya ci gaba da tafiya. Da ya iso nan aka tambaye shi sunansa, ya faɗi wanda ya ga dama. Ranar da zai rasu ya gaya mini. Ni kaɗai. Ko Mero ba ta sani ba."

Na kalli mutumin nan da na yi kwana ashirin da uku ina kuka saboda an yi masa ƙazafi.

"Ka sani," na ce. "Ka sani, ka ce su je."

"A gaban jama'a suka tambaye ni! Me kike so in ce? Shekara saba'in da wani abu, na ɗauka ba wanda zai yi wannan tafiyar, in ma ya je ba wanda zai tuna."

"Da ka kira wakilansu gefe. Da ka ce mu mutanen hanya ne, tushenmu ya ɓace mana. Rabin Kabalai haka suke faɗa, kuma ana auren 'ya'yansu."

"Ni in ce ban san ubana ba? Ni Halliru?"

Ya faɗa da ƙarfi, har jijiyar wuyansa ta tashi. A nan na gane bai ma fahimci abin da nake tambayarsa ba. Aurena ya ɗora a faifai don kada rawaninsa ya karkace, kuma har yanzu rawanin yake tausayi.

"Yanzu ki saurare ni," ya ce, ya sassauta murya. "Yadda abin yake a yau, maganar Gado ce kawai, kuma kowa ya san Gado dillali ne. Rabin masallaci ba su yarda ba, sauran za su gaji su manta. Amma in kika tona maganar Kusuri, Kubura ba za ta ɗauki kunya ta zauna ba. Za ta aika na gaske, da shaidu, watakila har da takarda. Ki bar abin nan a cikinki. Ki rufa mini asiri, 'yata."

"Su ci bulus ke nan. Hajiya, da Gado, da ɗanta."

"Allah zai saka mana."

"Ni fa, Baba?"

Ya dube ni da mamaki, kamar na tambayi abin da ba ya cikin maganar.

"Ke yarinya ce, maza ba su ƙare ba." Ya ja carbinsa, fuskarsa ta saki, har wani haske ya dawo mata. "Tunda ba wanda ya je, ba wanda ya gani. Gobe zan fita masallaci. Ki duba mini babbar rigata mai aska takwas, ki ce wa Mero ta sa wa rawanin nan bula."

Na tashi. Ban ce to ba, ban ce a'a ba, shi kuma bai lura ba.

A tsakar gida Gwaggo ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Ya, an kama su?"

"Gwaggo," na ce, "ina bula take?"